Wace bindiga mai sauƙin kuɗi zan fara da ita don harbin takarda?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo ita ce: "Ina zaune a yankin Dallas, ina da girin kad, ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata. Ina so in riƙa zuwa filin harbi ranakun Asabar ina harbin takarda don nishaɗi kawai, ba farauta ba, ba tsaron gida ba. Abin da na ware dala 400 ne. Abokin aikina ya ce in sayi AR-15 ko .308 in huta gaba ɗaya. Kuma akwai ƙanena ɗalibi da yake son ya riƙa bina. Me za ku ba ni shawara?"

Toh Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka kai kuɗinka kanti. Ni na daɗe ina wannan harka, na koyar da mutane da dama waɗanda ranar farko hannunsu har rawa yake, don haka bari in fara ba ka amsar a dunƙule sannan in warware ta. Ka nemi doguwar bindiga mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR, in so samu ne mai sakata, wato wadda kai ne za ka ja ƙarfen da hannunka bayan kowane harbi ka fitar da kwanso ka tura sabo. Shawarar abokin aikinka ta AR-15 da .308, waɗanda manyan bindigogi ne masu ƙarfi, ka ajiye ta gefe tukuna, ba don mugunta ya faɗa ba, shi dai yana ba ka labarin abin da yake burge shi ne, ba abin da zai koya maka harbi ba.

Amma tsaya, maganar ƙanenka ta fi maganar bindigar gaggawa. Kai mai girin kad dokar tarayya ta Amurka ta yarda ka saya kamar ɗan ƙasa, za ka je wajen dila mai lasisi, ka cike fom mai lamba 4473, su buga sunanka a tsarin binciken NICS na FBI, in babu matsala a Texas yawanci ranar za ka fita da kayanka. Shekara 18 ake buƙata ga doguwar bindiga a dokar tarayya, ko da yake wasu jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida sun ɗaga zuwa 21. Shi kuwa ƙanenka, idan da bizar karatu ya shigo, irin F-1 ɗin nan, dokar ta hana shi mallaka ko riƙe bindiga da harsashi, kuma "riƙewa" ɗin ta haɗa da ya karɓi haya a filin harbi ko ka miƙa masa taka ya ɗan gwada. Akwai 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce mutum ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, amma wannan ba abin da za ku yi da ka ba ne, ya tambayi lauyan shige da fice kafin ya taɓa komai. Yara da yawa ba su san wannan ba, su bi abokai su je su yi harbi su ɗauki hoto su ɗora a Instagram, alhali abin da zai iya cinye musu biza ne da karatun gaba ɗaya. Sannan kar ka kuskura ka cike fom da sunanka ka saya wa wani, wannan babban laifi ne da ake ɗauri a kansa. Akwai mafita gare shi, zan zo kanta a ƙasa.

Yanzu me ya sa .22 LR. Mutane in an ce bindiga mai araha farashin da ke rataye a kanti suke kallo, alhali sayen doki ba shi ne wahala ba, dawa da harawar kullum su ne. Bindiga sau ɗaya za ka biya kuɗinta, harsashi kuwa duk Asabar sai ka saya. Mu yi lissafi. A ce kana zuwa sau biyu a wata, kowane zuwa ka harba 200, wanda wallahi ba yawa ba ne, kafin awa biyu sun ƙare. A shekara 4,800 ke nan. Harsashin .22 na gama-gari ka ƙaddara shi wajen santi 8 kowane ɗaya, farashi yana hawa yana sauka amma nan ne dai yake zagayawa, kaga dala 384 ke nan a shekara. Na AR-15, wato .223, in ka same shi a santi 50 ka tashi da dala 2,400. Na .308 kuwa dala ɗaya ko fiye ne kowane ɗaya, 4,800 ke nan, kuɗin tikitin zuwa Kano da dawowa har da tsaraba. Abin da ke faruwa da masu fara wa da manyan shi ne su je sau uku, aljihu ya yi kuka, bindigar ta koma kabad tana shan ƙura.

Kuma kar lambar ta ruɗe ka, .22 da .223 kusan faɗinsu ɗaya amma ba dangi ba ne wajen ƙarfi. Na farko yana fita da gudun ƙafa dubu da 'yan kai a daƙiƙa, na biyun ya haura ƙafa dubu uku. Haka akwai .22 WMR da .17 HMR, mai kanti zai iya ce maka sun fi, eh sun fi gudu, sun kuma fi tsada ninki biyu ko uku, ba ka buƙatarsu don huda takarda.

Dalili na biyu ya fi na kuɗin muhimmanci a wurina, saboda ni ya ci. Bindigata ta farko .308 ce, wani mai kanti ya zuga ni na saya, na je fili ina jin kaina. Harbi na biyar kafaɗata ta fara tsami, ƙarar kuma kamar a cikin ƙirjina take tashi. Abin da ban sani ba shi ne jikina ya riga ya koyi tsoro, duk lokacin da zan danna kunama sai in runtse ido in tura kafaɗa gaba kafin ma harsashin ya fita, ni ban ma san ina yi ba, sai dai in ga huji ƙasa ta hagu kullum in ce madubin saitin da ke saman bindigar ne bai da kyau. Wani dattijo a filin ne ya karɓi bindigar ya juya baya ya miƙo min, ashe bai sa komai a ciki ba, na danna ta ce ƙyas, ni kuma na yi tsalle kamar an tsikare ni. Kunya ta ishe ni ranar. Sai da na shafe watanni da 'yar .22 kafin wannan zabura ta bar ni. Ita .22 ba ta hauri, kusan ba ka jin komai a kafaɗa, saboda haka idonka yana buɗe, kana ganin inda saitinka yake lokacin da ta tashi, duk kuskuren da ka yi ka san naka ne.

Kar kuma wani ya ce maka ta yara ce. Harsashin nan tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi kuma har yau da shi ake gasar mita 50 a Olamfik, da shi masu gudun kan ƙanƙara na bayatalon suke harbi, a kwance suna neman da'ira mai faɗin milimita 45 daga mita 50 bayan sun yi gudu zuciya na bugawa. Kuma tana kisa, wannan ka riƙe shi da kyau. A jikin kwalin harsashin za ka ga gargaɗi cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita biyu ke nan.

To wacce a cikinsu. Da kuɗinka, ni Savage Mark II zan nuna maka. Mai sakata ce, a Kanada ake ƙera ta a garin Lakefield, ba ta da wani kyan gani, jikin robar nan nata kamar abin wasan yara, gidan harsashinta na gwangwani ne mai kaifin baki har yana iya yankar yatsa in kana ɗurawa da gaggawa. Amma bututunta yana harbi fiye da kuɗinta, kuma tana da kunamar da suke kira AccuTrigger wadda za ka iya sassauta nauyinta da kanka har wajen laba biyu da rabi ba sai ka kai wa maƙeri ba. Ka duba da idonka kafin ka biya, za ka ga wani siririn ƙarfe a tsakiyar kunamar, in babu shi to ba ita ba ce, don akwai samfurin can ƙasa da aka riƙa sayarwa babu ita. Mai siririn bututu da saitin ƙarfe a kai tana zagaye dala 200 da wani abu, mai kaurin bututu da suke kira FV ko FV-SR ta kusa 300 kuma ita ba ta zuwa da saitin ƙarfe, dole sai ka ɗora madubi. Abu ɗaya da zai dame ka, wajen ɗora kunci ya yi ƙasa in ka sa madubi, sai ka ji kanka yana lilo a iska, maganinsa ɗan matashin da ake ɗaurawa a gindin, wasu ma soso suke naɗawa da salatif kuma yana aiki.

Nauyin kunama ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa na tsaya a kansa. Bindigar duka nauyinta laba biyar zuwa shida ne, in kunamar ma sai ka sa ƙarfin laba shida kafin ta saki, ka ga kana ja da ƙarfin da ya kai nauyin bindigar gaba ɗaya da yatsa guda, dole bakin ya motsa.

Ta biyu, wadda duk wanda ka tambaya a Amurka zai ambata, Ruger 10/22. Tun 1964 ake yin ta, an sayar da miliyoyi, mai ɗura kanta ce, kana dannawa tana tashi tana tura na gaba, gidan harsashinta mai juyawa yana cin 10 kuma yana shigewa ciki ya ɓace. Daɗin harbi kam ba a magana, kuma babu wani sashe nata da ba za ka samu na canji a kasuwa ba, kamar Toyota Corolla take wajen kayan gyara. Farashinta wajen dala 300 ne ko sama kaɗan. To me ya sa ban sa ta farko ba? Abu biyu. Kunamarta ta kamfani a samfuran da aka daɗe ana sayarwa tana da nauyi, laba biyar zuwa shida, yawancin mutane sai sun ƙara kuɗi sun sayi BX-Trigger sun canza, daga nan kuma sai bututu, sai jiki, kafin ka farga bindigar dala 300 ta lashe 900, na ga wannan ciwo ya kama mutane da yawa. Na biyu kuma sabon shiga in ya samu mai ɗura kanta ba ya koyon harbi, ɓarin wuta yake koya, tas tas tas goma sun fita cikin daƙiƙa biyar bai san wanne ya tafi ina ba. Mai sakata tana tilasta maka ka tsaya, ka ja, ka numfasa, ka sake saiti. Sannan ba ta zaɓen abinci, duk harsashin .22 LR da ka ba ta za ta ci, ita kuwa mai ɗura kanta da ƙarfin harsashin take aiki, in ya yi rauni ko ciki ya yi datti sai ta fara cijewa. Amma fa in ka san kanka, ka san jan sakata zai gundure ka har ka daina zuwa, sayi 10/22 ɗin, bindigar da za ka riƙa ɗauka ta fi wadda za ka ajiye.

Akwai ta tsakiya, Ruger American Rimfire, mai sakata ce amma tana amfani da gidan harsashin 10/22, kuma wajen ɗora kuncin ana cire shi a sa mai tudu. In ka same ta a ragi kar ka wuce ta. Henry H001 mai liba, wato ƙarfen ƙasa da ake ja a ɗura harsashi, irin ta fina-finan kaboyi tana da laushi kamar man shanu, tana cin 15 a bututun ƙasa, don nishaɗin harbin gwangwani tana da daɗi amma ba ita zan ɗauka don neman ƙaramin gurup, wato tara huji waje ɗaya, a benci ba. Marlin Model 60 tsohuwar jaruma ce tun 1960, an yi sama da miliyan 11, yanzu sai dai ta hannu za ka fi samu tunda Ruger ta sayi Marlin a 2020 ta fi mayar da hankali kan masu liba. CZ 457 ta ƙasar Cek da Tikka T1x ta Finlan sun fi duk waɗannan inganci, ba musu, amma daga dala 500 suke farawa zuwa sama, sun fi ƙarfin kasafinka, ka bar su sai ka shekara kana harbi ka tabbatar abin ya shiga jininka. Can ƙasa kuma akwai su Savage 64 da Rossi RS22 da Mossberg 702 waɗanda ba su kai dala 200 ba, suna harbi, ba zan zage su ba, kunamarsu ce dai sai haƙuri.

Ta hannu ba laifi ba ce, bututun .22 da wuya mutum ya cinye shi a rayuwarsa. Abin dubawa guda biyu ne. Ka kalli bakin bututun ta gaba, da'irar nan ta ƙarshe, in akwai lotsawa ko ƙwarzane a gefenta ka bar ta don nan ne harsashi yake yin sallama da bindiga, in wajen ya karkace harbin ma ya karkace. Sannan ka buɗe ka leƙa bakin ɗakin harsashi ta baya. Shi .22 abin tayar da wutarsa a gefen gindin kwanson yake, ba a tsakiya ba, allurar gefe take duka, to in mai ita ya saba danna ta babu komai a ciki allurar tana iya riƙa saran ƙarfen har ta yi masa tabo. Na taɓa sayen wata a shagon jingina ban duba ba, duk harbi sai na sa farce na ciro kwanso. Ruger sun ce 10/22 ba ta damu da wannan ba, amma sauran ka karanta littafinsu ko ka sa harsashin roba na gwaji.

Wajen madubi nan ne sababbi suke zubar da kuɗi ta hanya biyu, ko su sayi na dala 25 da ba ya riƙe saiti, ko su sayi na manyan bindigogi. Shi madubin babbar bindiga an daidaita shi ne don yadi 100 ko fiye, kai kuma a yadi 25 zuwa 50 za ka yi yawancin harbinka, yadi dai irin wanda ake auna shadda da shi, 50 ɗin wajen mita 46 ne. In ka sa irin wancan a kusa, da ka ɗan motsa kanka sai ka ga gicciyen yana yawo a kan takardar alhali bindigar ba ta motsa ba, sai harbinka ya warwatse ka rasa dalili. Ka nemi wanda aka rubuta na rimfaya ne, wato na harsashi irin .22 mai tashi ta gefen kwanso, ko mai zoben daidaita nisa a gaba da ake rubuta AO. Ƙarfin 3-9x40 ko 2-7 ya ishe ka, dala 70 zuwa 120 za ka samu mai kyau. Zoben ɗaurawa kuma ka tabbatar ya dace da abin da ke saman bindigarka, wasu siririn layi ne na inci 3/8, wasu faffaɗa ne irin Weaver ko Picatinny, mutane da yawa sai sun isa gida suke gane ba ya shiga.

Yawancin madubai kowane ƙyas ɗaya na maɓallin yana matsar da harbi rubu'in inci a yadi 100. Ma'ana a yadi 50 sai ka yi ƙyas 8 kafin ka matsa inci ɗaya, a yadi 25 kuwa 16. Na sha ganin mutum a yadi 25 ya juya sau huɗu ya harba ya ce madubin ya lalace ba ya motsi, alhali rubu'in inci kawai ya matsar. In ka daidaita a yadi 50 da harsashi mai matsakaicin gudu, a yadi 100 zai faɗi ƙasa da wajen inci bakwai, iska mai ɗan ƙarfi kuma ta ture shi inci huɗu ko biyar, kuma wannan shi ne daɗin abin, kana koyon karatun iska da faɗuwar harsashi a filin da bai wuce na ƙwallo ba da kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba.

Harsashi kuma, kar ka ga an rubuta gudu mai yawa a kwali ka ɗauka shi ne mai kyau. Gudun sauti wajen ƙafa 1,125 ne a daƙiƙa. Irin su CCI Mini-Mag suna fita da 1,235, sun fi sauti, amma kafin su isa takarda mai nisa gudun ya ragu sun faɗo ƙasa da shi, kuma a wannan tsallakawar suna ɗan tangaɗi. CCI Standard Velocity yana fita da 1,070, tun farko bai kai sauti ba, tafiyarsa lami lafiya, shi ya sa harsasan gasa kusan duk a wannan gudun suke. Kowace .22 kuma tana da abin da take so, ko da biyu ne samfuri ɗaya daga kamfani ɗaya. Ka sayi ƙananan kwali na 50 kala huɗu ko biyar, ka ɗora bindigar kan jakar yashi, ka harba biyar biyar sau da yawa da kowanne, wanda ya fi tara hujinsa waje ɗaya shi ne abincinta, sai ka riƙa sayen sa da yawa. In kana samun gurup ɗin inci ɗaya a yadi 50 da Savage da harsashi na gama-gari, kai da ita duk kun yi ƙoƙari.

Kuɗin naka ga yadda zan raba shi in ni ne: wajen 250 bindiga, 80 madubi da zobe, 30 abin toshe kunne da tabarau, abin da ya rage harsashi. Ya matse, gaskiya, ga haraji ga kuɗin shiga fili ga jakar ɗauka. In bai kai ba, ka ɗauki mai saitin ƙarfe ka jinkirta madubin wata biyu, ba asara ka yi ba, wanda ya koyi saitin ƙarfe madubi wasa ne a wajensa. Abin da ba a jinkirtawa shi ne kunne da ido. Ƙarar .22 tana kai wa wajen desibel 140, ga na kusa da kai yana iya zuwa da babbar bindiga, a filin cikin gini ni biyu nake haɗawa, na soso a ciki da na rufewa a sama. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kafin ka saya ma ka gwada idonka. Miƙa hannu biyu ka yi 'yar kafa da yatsu, ka kalli wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu, sai ka rufe na hagu. In abin yana nan idon dama ne shugaba, in ya ɓace na hagu ne. Wanda idonsa na hagu ne ya fi masa sauƙi ya koyi harbi ta kafaɗar hagu tun farko, kuma Savage suna yin ta bahagwai.

Wani abu da Turawan filin ba za su tuna su gaya maka ba amma mu ya shafe mu: dalma. Kan harsashin .22 dalma ce, hayaƙinsa ma akwai ta, tana manne wa a hannu da riga. Mu kuma da hannu muke cin tuwo, mu ɗauki yara mu rungume. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba ci ba sha a layin harbi, ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka fita, kayan da ka sa kuma a wanke su daban da na yara.

Ranar farko kar ka je kai kaɗai kana kallon YouTube, ka biya kuɗin ajin sababbi na awa biyu ko uku, kusan kowane fili yana da shi. Akwai kuma Project Appleseed da suke koyarwa ta kwana biyu a mita 25, yawancin masu zuwa da .22 suke zuwa, za su koya maka harbi a tsaye da zaune da kwance da amfani da maɗaurin rataya bindiga. Ƙa'idojin da za su nanata maka ba sa canzawa: kowace bindiga ka ɗauke ta a mai harsashi ce, bakinta ba ya kallon abin da ba ka yarda ka huda ba, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai saiti ya hau, kuma ka san abin da ke bayan takardarka. Ni zan ƙara maka da wanda na fi ganin sababbi suna faɗawa, cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko, ɗaya yana iya zama a ɗaki, sai ka buɗe sakata ka gani da ido. In ka danna ba ta tashi ba, wanda yana faruwa da harsashin .22 mai araha, ka bar bakin yana kallon gaba ka ƙirga talatin kafin ka buɗe. In kuma ta tashi da wata 'yar ƙara mara ƙarfi ba kamar kullum ba, tsaya cak, mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a bututu, kar ka bi shi da wani.

A gida kuma ka kulle ta, harsashi a wani wajen daban shi ma a kulle. Sabuwa tana zuwa da kwaɗon waya a kwalinta, ka yi amfani da shi kafin ka sayi akwatin ƙarfe. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai 17 ba zai iya kai wa gare ta, kuma gidajenmu ka san yadda suke, yau baƙi gobe 'ya'yan maƙwabta. In haya kake ka duba takardar yarjejeniyar gidan. Wanki ba ya son yawa, bututun .22 ba sai kullum ba, ka goge sakata ka ɗan sa mai, in saiti ya fara buɗewa sai ka ja igiyar wanki daga baya zuwa gaba.

Shi kuma ƙanen naka, bindigar iska ita ce hanyarsa mafi sauƙi, don a dokar tarayya ba a lissafa ta cikin bindigogi masu albarushi, sai dai ya duba dokar gari da ta makaranta, hostel kam kar ma ya fara. Ba abin rainawa ba ce, gasar mita 10 ta Olamfik da ita ake yi, ƙwayar milimita 4.5, kuma lamba goma ɗin ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Weihrauch HW30S ta Jamus in da hali, ko wata mai sauƙin kuɗi ta Crosman ko Daisy, gwangwanin ƙwaya 500 kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kar dai ya bi masu rubuta gudu 1,200 a kwali, masu ƙarfin sifirin ɗin nan wuyar saiti gare su, kuma suna kashe madubin da ba nasu ba saboda girgizarsu gaba da baya take. 'Yan'uwa da ke Ingila ma ta nan suka fi farawa, tunda a Ingila da Wales wadda ƙarfinta bai wuce fut-fam 12 ba, wato ma'aunin ƙarfin harbi, ba ta buƙatar lasisi, Sikotilan ce ta sa nata lasisin, ita kuwa .22 LR sai ka shiga kulob ka yi watannin gwaji ka nemi takardar 'yan sanda.

Sai batun tafiya gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ko bindigar iska ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, don haka kar tunanin kai ta gida a kwantena ko a akwati ya zo maka. Kuma jakar da kake zuwa fili da ita kar ta taɓa zama jakar tafiyarka. Harsashin .22 ƙanƙane ne, yana shigewa cikin ɗinkin jaka ya kwanta shekara ba ka sani ba, sai na'urar filin jirgi ta gano maka shi a Abuja ko a Dubai wajen canjin jirgi. Ka ware masa jakarsa daban mai launi daban, ka kuma laluba aljihun wandon da ka je fili da shi kafin ya shiga akwati.